Daddawa: Gadon Da Muke Ƙyama, Wasu Kuwa Da Irinsa Suke Taƙama

 

Wata ranar Asabar, bayan mun tashi daga darasin Fiƙihu a ajin matan aure na Islamiyyarmu da ke Birchi, sai hira ta ɓarke a kan girki. Wata amarya da ba ta fi wata 4 da tarewa ba ta ce ita tun da ta shiga ɗakinta daddawa ba ta taɓa leƙa tukunyarta ba. Ta ce, "Malama, abin nan fa ruɓaɓɓe ne, ga wari kamar me. Ni ko a gidanmu in aka sa ta ba na cin tuwon." Wata dattijuwa da ke gefenta, wadda a haife ta yi jika da ita, ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, da wannan warin aka yi miyar da ta raini uwarki." Aji ya kwashe da dariya.

Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki ba, domin na san amaryar nan ba ita kaɗai ba ce. Na kuma san tana cikin 'yan matan da ba sa gajiya da kallon fina-finan ƙasar Koriya a waya. In kin taɓa leƙa irin fina-finan, za ki ga iyali sun kewaye wata miya ruwan ƙasa tana tururi, ko ki ga manyan randuna jere a bayan gida an rurrufe su. To abin da ke cikin randunan nan 'yar uwar daddawa ce ta jini, kuma ita ma ba ƙamshin turare take yi ba. Su sun riƙe tasu har duniya ta san da ita, mu kuwa muna neman mu binne tamu tare da tsofaffinmu. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Daga ɗorawa zuwa kalwa

Uwargida, in kika bi hanyar da ta haɗa Kurfi da Dutsin-Ma da bazara, ki riƙa duban gonaki. Itacen nan mai faɗin inuwa da manomi ke bari a tsakiyar gona ko da ya sare sauran, ita ce ɗorawa. Tun ana cikin rani take fitar da furenta ja mai kama da ƙwallo yana reto, wanda ake kira tutu. Da dare jemagu ke zuwa shan zaƙinsa, da rana kuma ƙudan zuma, ta haka Allah Ya ƙaddara barbararta. Kafin ruwan farko ya sauka 'ya'yan sun nuna, sai ki ga mata da yara da dogayen ƙugiyoyi suna sauko da su.

Babu abin yarwa a jikinta. Garin nan rawaya mai zaƙi yara na tsotsa, ana kuma dama shi a sha, kuma a da ya ceci gidaje da yawa a tsakanin ƙarewar hatsin rumbu da nunar sabon gero. Ɓawon ana jiƙa shi a sami makuba, wadda kakanninmu ke yin daɓe da ita, ɗaki ya yi santsi ya yi ƙarko. Ƙwayar cikin kuwa, baƙa mai tauri kamar tsakuwa, ita ce kalwa, uwar daddawa.

Sana'ar nan ba ta jiya ba ce. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a farkon 1824 ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bayyana yadda ake tsima 'ya'yan wannan itace a daka su a mulmula, ya ma kwatanta kamanninta da cakulan, ya kuma yabi miyarta. A 1826 wani masanin tsirrai mai suna Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa sunan Parkia, don tunawa da Mungo Park, matafiyin da ya mutu a Bussa a 1806. Shi ma Heinrich Barth, Bajamushen da ya bi ta Kuraye da Kurfi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya ambaci daddawa a cikin kayan da ya gani ana ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa. Kin ga ke nan baƙi sun rubuta ta a takarda shekaru 200 da suka wuce, kuma ko a lokacin tsohuwa suka tarar da ita.

Ba mu kaɗai ke cinta ba. Yarbawa na kiranta iru, mutanen Mali da Burkina Faso na cewa sumbala, a Senegal netetu, a Jamhuriyar Benin afitin, a Ghana kuwa dawadawa suke cewa, sunan da kowa ya ji ya san daga bakin Bahaushe ya fito. Mu ma a nan ƙasar Katsina za ki ji tsofaffi na cewa daudawa. Akwai kuma ƙanwarta daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, da wadda ake yi da 'ya'yan ƙirya a yankin Binuwai da Kogi.

Aikin da sai mai haƙuri

Kakata ta wajen uwa mai daddawa ce, a hannunta na ga yadda ake yi. Da la'asar za ta wanke kalwa ta zuba a babbar tukunyar ƙasa, ta tura manyan itatuwa a murhu. Kalwa ba ta jin wuta da wuri. Kwana take yi tana dahuwa, wani lokaci har ta kai yini da kwana, ana tashi cikin dare ana ƙara ruwa da itace. In ɓawon ya yi laushi sai a juye a turmi, a barbaɗa toka ko yashi mai laushi, a riƙa sussuka a hankali don ɓawon ya saɓule ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. Daga nan sai wanki, ruwa bayan ruwa, ana tsame ɓawo ana tsince waɗanda suka ƙi dahuwa. Wannan wankin shi ne ke karya bayan mai daddawa.

Sai a mayar da tsabar a wuta karo na biyu, kamar awa 1 zuwa 2, wasu kan jefa 'yar kanwa don ta ƙara laushi. A tsane ruwan, tun da zafinta a juye a ƙwarya ko kwando da aka shimfiɗa wa ganye, a barbaɗa 'yar toka ko gari a sama, a rufe da ganye, a lulluɓe da buhu da tsummoki masu tsabta, a kai ƙuryar ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Sai a bar ta kwana 2 zuwa 3. Ranar da za a buɗe ba sai an yi wa maƙwabta sanarwa ba, hanci ya isa. Za ki tarar ta yi duhu, ta yi yauƙi, tana murjewa a tsakanin yatsu. Sai a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya a rana har ta bushe ƙamas. In ta bushe da kyau sai ta yi watanni ba ta lalace ba, babu firji babu maganin kanti.

Me ke faruwa a cikin ƙwaryar nan a kwanakin da take rufe? Kakata cewa take yi daddawa na barci, ba a tashinta. Masana kimiyya kuwa sun gano cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, babbarsu ita ce wadda suke kira Bacillus subtilis, ke aiki a kan ƙwayar. Suna zaune a jikin tsohuwar ƙwarya da ganye, kuma ɗumi suke so, shi ya sa ake lulluɓewa, shi ya sa kuma tsofaffi ba sa yarda da sabuwar ƙwarya. Su ne ke narka furotin ɗin kalwa ya zama abin da ciki zai iya ɗauka, domin ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Cikin wannan narkewa ne warin nan ke fita, a cikinta ne kuma ake samun wani sinadari mai suna gulutamet. Ki riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

'Yar uwarta ta ƙasar Koriya

Mutanen Koriya ba su da ɗorawa, waken soya gare su. Da shigowar hunturu matansu kan dafa waken har ya yi luguf, su kirɓa, su yi masa siffar tubali. Wannan tubalin shi suke kira meju. Sai su ɗaure shi da karan shinkafa su rataye ya yi makonni yana bushewa yana tsima. A jikin karan shinkafar akwai irin ƙananan halittun nan na ƙwaryar kakata, tare da wasu nau'o'in fumfuna masu amfani. In sanyi ya fara ja da baya sai su wanke tubalan, su jefa a randar ruwan gishiri, su sa gawayi da busasshen barkono a sama, su bari kamar kwana 40 zuwa 60. Daga nan sai a raba. Ruwan baƙi da aka tace sunansa ganjang, da shi suke gyara ɗanɗanon abinci. Dusar kuwa a dama ta a mayar randa ta ƙara watanni ko shekaru, ita ce dwenjang, daddawarsu ta miya. Duka a haɗe suna kiransu jang.

Tarihinsu ya adana labarinta. Wani littafin tarihi nasu da aka kammala a 1145, mai suna Samguk Sagi, ya kawo cewa a shekarar 683, da Sarki Sinmun na daular Silla zai yi aure, har da jang a cikin kayan da aka kai gidan amarya. Ki duba fa, a lefen sarki! A tsofaffin gidajensu uwar miji ce ke koya wa matar ɗanta, har akan bar ragowar tsohon ganjang a randa a riƙa ƙara sabo a kai, ɗanɗanon gida ya bi zuriya.

Kada ki ɗauka su zamani bai taɓa su ba. Su ma sun koma birane, sun shiga gidajen sama inda babu wurin jera randa, yawancinsu a kanti suke sayen ta kamfani. To amma ba su yarda ilimin ya ɓace ba. A 2018 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sanya haɗa jang a cikin al'adun ƙasa da ake karewa, sannan a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi a jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Irin waɗannan ƙananan halittun ne kuma ke aiki a cikin natto na Japan da kinema na ƙasar Nepal. Wato abin da kakarki ke yi a ƙuryar ɗaki da ƙwarya da tsumma, ilimi ne da manyan jami'o'in duniya ke nazari a kansa.

Shin ruɓaɓɓen abu halal ne?

Wannan tambayar ma an yi mini ita a aji, kuma ta cancanci amsa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta mana daɗaɗan abubuwa Ya haramta munana, kuma asalin abinci halal ne sai wanda nassi ya hana ko wanda ke cutarwa. Akwai bambanci tsakanin abin da ya lalace da abin da aka tsima da gangan don ya gyaru. Madara ce ke kwana ta zama kindirmo, gasara ce ke tsami a yi koko, ƙullun waina ma sai ya tashi. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, shi ma kuwa tsimamme ne. Daddawa ba ta sa maye, ba ta gusar da hankali. Sai dai in kin ci karo da irin ta Koriya ta kamfani a manyan kantunan Kano ko Abuja, ki sa a karanta miki abin da aka rubuta a jikin robar, domin wasu kamfanoni kan ƙara mata barasa don kada ta ci gaba da tsima.

Akwai kuma camfin da na taso ina ji, wai in mai al'ada ta taɓa ko ta tsallaka ƙwaryar, daddawar ba za ta yi ba. Wannan ba shi da tushe a addini. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan taje kan Manzon Allah (SAW) ta kuma ci abinci tare da shi alhali tana cikin al'ada. Abin da ke ɓata daddawa sananne ne: ƙazamin hannu, ƙazamin mazubi, sanyi, yawan buɗe-buɗe, ko kalwar da ba ta dahu ba. Ki riƙe tsabta, ki bar camfi.

Yadda dunƙule ya karɓe tukunya

Kin tuna gulutamet? A 1908 wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano cewa shi ne ke ba romo daɗin nan da ke kama harshe. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi a matsayin farin gari, wanda mu a nan muke kira farin magi. A 1908 ɗin dai kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa, daga baya wasu kamfanoni suka biyo, har dunƙule ya kai kowane teburin mai kayan miya a ƙauye da birni. Kin ga ashe daɗin da muke saye a cikin takarda mai ƙyalli, shi ne wanda daddawa ke ba miya tun fil azal.

Ban ce dunƙule haramun ne ba, ni ma akwai shi a kicin ɗina. Yana da sauƙi, ba ya wari, ba sai an daka ba. To amma ki sani kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, daga karin kumallo har abincin dare. Yanzu ki lissafa dunƙule nawa kike marmasawa a miyar rana, nawa a ta dare, ga gishiri, ga farin magi, ga wanda aka daka a yaji. Yawan gishiri na cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, kuma ba na jin akwai unguwar da ba a san wanda ciwon nan ya kwantar ba.

Ita daddawa ba ta da gishiri sai wanda mai yin ta ta ƙara. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na busasshiyarta furotin ne, ga mai, wanda ba ƙaramin taimako ba ne a gidan da nama ke wuyar shiga. Shi ya sa iyayenmu ke daka wa mai jego yajin daddawa. Amma kada wani ya ruɗe ki cewa maganin hawan jini ce har ki ajiye ƙwayar da likita ya rubuta. Amfaninta shi ne, in ta shiga miya, kina iya rage dunƙule da gishiri ba tare da maigida ya ture kwano ba.

Waken soya da ɗorayin da ke ƙarewa

Wani abin sha'awa shi ne, waken da Koriyawa ke taƙama da shi ya daɗe da shigowa daddawarmu. An kawo waken soya Nijeriya a 1908, manoman Tibi na Binuwai suka riƙe nomansa, daga baya cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da sababbin iri ta kuma yaɗa hanyoyin sarrafa shi a shekarun 1980. Matan kudancin Kaduna, musamman wajejen Kafanchan, sun yi suna wajen yin daddawar waken soya. Ana soya waken sama-sama, a ɓarza, a sheƙe ɓawon, a dafa na 'yan awoyi, a rufe kamar yadda ake rufe kalwa. Ba ta cin itace da ruwa kamar ta kalwa. Ɗanɗanon dai mai harshe ya san ba ɗaya ba ne, amma tana biyan buƙata.

Abin da ya sa ta samu shiga shi ne kalwa na ƙara wuya. Ɗorawa kan ɗauki shekaru da dama, sau da yawa har kusan 10, kafin ta fara 'ya'ya sosai, amma mai gatari yini guda ya ishe shi. Ana sare ta don itace da gawayi, dabbobi na cinye masu tasowa, kuma da wuya ki ji wanda ya dasa sabuwa. Ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari tun daga wajen 2019, wadda ta sa a shekaru da dama mata ba su iya zuwa gonakin nesa sun sauko da ɗorawa ba.

In ɗorawa ta tafi, sana'ar mata ce ta tafi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa a shekarun 1960, ta nuna cewa babban kaso na cinikin ƙauyen Hausa a cikin gidaje yake gudana, a hannun matan da ba sa fita, yara na kai da kawowa. Daddawa irin wannan sana'ar ce. Da ita kakata ta yi wa 'ya'yanta mata 4 kayan ɗaki ba ta taka kasuwa ba. Yau a duk zuriyarta babu mai iya ɗora tukunyar kalwa ta sauke ita kaɗai, har da ni mai wannan rubutu. Na ga ana yi, na san bayaninsa, amma hannuna bai iya ba, kuma wadda zan tambaya ta riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙanta.

Abin da ya rage gare ki

Da farko ki mayar da ita tukunya. In warin ne ke damunki, ki sayi busasshiya wadda ba ta yi fumfuna ba, ki ƙara shanya ta, ki daka da citta da masoro da kanumfari da 'yar kimba, ki tankaɗe ki zuba a kwalba mai murfi. Ki sa ta tun farko, tare da albasa da mai, ta dahu sosai kafin ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa ko karkashi. Daddawar da ta dahu ƙamshi take yi, wadda aka jefa a ƙurarren lokaci ce ke tashi a miya. Ki fara da rage dunƙule guda, bayan mako biyu ki ƙara rage wani, harshen gida zai saba.

Na biyu, in akwai tsohuwa mai daddawa a danginku ko unguwarku, wannan bazarar ki nemi izinin maigida ki je ki zauna da ita, ki tafi da 'yarki. Ki sa hannu a wankin, ki ji da yatsunki yadda kalwa ke yi in ta dahu. Wannan ba a koyonsa a takarda, har da wannan da kike karantawa.

Na uku, ki yi wa maigida maganar ɗorawar gonarku. In tana nan a bar ta, in ta tsufa a dasa wata a kewaye ta da ƙaya. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa Musulmin da ya dasa itace yana da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Ki ƙiyasta bakuna nawa ɗorawa guda za ta ciyar a rayuwarta.

Amaryar nan kuwa, bayan mako biyu dattijuwar ta zo mata da ƙullin dakakkiyar daddawa a leda, ta ce ta gwada a miyar kuka. Da muka haɗu Asabar ta gaba na tambaye ta labari, sai ta rufe fuska da hijabi ta ce, "Malama, cewa ya yi miyar ta tuna masa da ta Innarsa." Dattijuwar ta ce, "To kin ji. Da tsohuwar zuma ake magani."

Allah Ya sa albarka a tukwanenmu, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.